Na San Laifina, Amma Na Kasa Bari

 

Maganarmu ta yau ta taso ne daga saƙon wani mai sauraro. Ba za mu faɗi sunansa ba, ba za mu faɗi garinsu ba. Lodin doya yake yi, wani lokacin kuma ya bi motar shanu zuwa kudu. Ya ce shekara huɗu ke nan yana shan taramol. Ya ce kada mu yi masa wa'azi, don ya riga ya san abin da take yi masa: kuɗin cefane ya tafi, ya rame, sau biyu yana faɗuwa yana shure-shure a tasha a gaban mutane. Ya je asibiti, ya zauna da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, sun yi doguwar magana, har ya gano cewa ya fara ne tun da mahaifinsa ya rasu nauyin gida ya dawo kansa. Ya rantse sau uku zai bari, ya koma sau uku. To tambayarsa ita ce: tunda na gane, me ya hana ni dainawa?

Ɗan'uwa, tambayar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Mai cacar ƙwallo a waya yana yin ta. Mai zuciyar da ke dukan iyalinsa sannan ya zauna yana da-na-sani yana yin ta. Ɗan kasuwar da ke cinye uwar kuɗi duk ƙarshen kaka ma haka. Masu aikin ba da shawara sun daɗe da lura da wannan: mutum zai zauna gabanka ya zayyana maka halinsa tiryan-tiryan, ya fita ya koma gidan jiya. Ganewa tana da amfani, ita ce ke kawo mutum bakin asibiti. Amma abin da ke canja hali shi ne a sake tsarin yini: inda kake zama, da wa kake zama, inda kuɗinka ke kwana, da abin da hannunka zai yi a daidai lokacin da abin ya motsa. A nan za mu tsaya yau.

Ita ƙwayar tukuna

Taramadol magani ne na gaskiya, likita na rubuta shi ga mai ciwo mai tsanani, kamar wanda aka yi wa tiyata ko wanda ya karye. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta amince ne da ƙwaya mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100. Waɗanda ake sayarwa a ɓoye a tasha da kasuwa kuwa, za ka ga 120, 225, har 250. Ƙa'idar likitoci ita ce babban mutum kada ya wuce miligiram 400 a yini. Lissafa da kanka: ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun haye. Shi ya sa mutum ke faɗuwa kamar mai farfaɗiya, wani kuma numfashinsa ya yi ƙasa yana barci.

Tun wajen 2018 ake yekuwa a kan taramol a Ghana. Da aka matsa mata, sai wata ta shigo, wadda samari ke kira red. A watan Fabrairun 2025 BBC ta fitar da binciken da ya nuna yadda ake haɗa magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, a Indiya, ana turo su Afirka ta Yamma, kuma Tamale na cikin garuruwan da aka nuna. Bayan rahoton gwamnatin Indiya ta hana yin wannan haɗin. Madalla da haka. Sai dai ka ga darasin: an tare wata, wata ta ɓullo. Muddin mai lodi zai ɗora ƙwaryar doya bayan ƙwarya tun asuba, muddin yaron kiwo zai yini yana tafiya a rana, mai sayarwa zai samu ciniki. Aikin hukuma daban, aikin da ke gabanka daban.

Me ya sa sani bai isa ba

Kai makiyayi ka fi kowa fahimtar wannan. Garken da ya saba da burtali ɗaya zuwa mashaya, ko kana gyangyaɗi zai bi shi. In bana an nome wurin, sanin da ka yi cewa akwai gona a gaba ba zai tsayar da shanu ba. Sai ka sha gabansu da sanda, ka kora su ta sabuwar hanya, yau, gobe, jibi, har ƙafarsu ta saba. Halin mutum ma haka yake. Abin da aka yi sau ɗari a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, da mutane ɗaya, ƙwaƙwalwa tana ɗaure shi da wurin da lokacin da mutanen. Da ka isa wurin, hannu ya riga tunani. Kafin ka tuna rantsuwar jiya ka riga ka haɗiye.

Akwai abin da ya faru a duniya da ya nuna ƙarfin wuri a kan hali. Lokacin yaƙin Biyetnam, sojojin Amurka da yawa sun faɗa shan hodar heroin, kusan ɗaya cikin biyar ya ce ya kamu. A 1971 hankalin gwamnatinsu ya tashi, ana tsoron za su dawo gida da abin. Wata mai bincike, Lee Robins, ta bi diddiginsu bayan sun koma. Ta tarar a shekarar farko kusan biyar cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa. Mutanen nan ba wani sabon ilmi suka samu a jirgi ba. Sun bar wurin, sun bar abokan sha, sun bar fargabar yaƙi, hodar kuma ba ta nan a bakin ƙofa da araha. Kai ba za ka bar garinku ba, mun sani. Amma a cikin garin akwai abin da za ka iya bari.

Wasu masana biyu kuma, James Prochaska da Carlo DiClemente, sun yi nazarin masu barin taba a farkon shekarun 1980. Suka ga canji yana bin matakai: lokacin da mutum bai ma yarda akwai matsala ba, lokacin da yake ta tunani, lokacin shiri, lokacin aiki, sannan lokacin riƙewa. Ɗan'uwanmu mai saƙo ya gama da na biyu. Abin da ya yi sau uku shi ne tsalle daga tunani zuwa rantsuwa, ya tsallake shiri. Wa ke tafiya Kumasi da shanu bai tanadi takardar likitan dabbobi ba, bai san maigidan da zai sauka wajensa ba? To barin ƙwaya ya fi tafiyar Kumasi nisa.

Mako ɗaya kana kallon kanka

Shirin yana farawa da abu mai sauƙi. Mako ɗaya, kada ka rantse, kada ka yi wa kowa alkawari. Duk lokacin da ka sha, ko ka ji abin ya motsa, lura da abu huɗu: ƙarfe nawa, ina nake, da wa nake, me nake ji. Rubuta da boko ko da ajami a bayan littafin bashi. In ba ka rubutu, ɗauki murya a wayarka, ko ka sa tsakuwa a aljihu, ta safe a dama, ta yamma a hagu, da dare ka ƙirga.

Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Wanda ke cewa "kullum nake sha" zai tarar lokuta biyu ko uku ne: da asuba kafin lodi, cikinsa wayam, a gindin mai shayi ɗaya. Ko da yamma in an raba kuɗin aiki. Ko daren da mota ta kwana a Tatale ko Pulmakom ana jiran takarda, babu abin yi sai hira. Cewa "ni mutumin banza ne" ba ta ba ka abin kamawa. Cewa "ƙarfe biyar na asuba a tasha, da yunwa, in na haɗu da wane" ta ba ka. Wannan sanin ne ake iya aiki da shi.

Idan kaza, to kaza

Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi suna tun 1999 da wata dabara da aka gwada sau da yawa aka ga tana aiki. Maimakon ka ce "zan daina", sai ka yanke tun yanzu abin da za ka yi a daidai lokacin, da kalmomi biyu: idan, to. Idan na fito da asuba, to sai na sha koko da ƙosai a gida kafin in nufi tasha. Idan wane ya miƙo mini, to zan ce "likita ya hana ni", in tashi in duba igiyar kaya. Idan aka ba ni kuɗin lodi, to nan take zan tura wa maiɗakina ta momo, in bar kuɗin abinci kawai. Idan mota ta kwana a boda, to a masallaci zan kwanta, ba a bayan mota ba.

Lura da abu uku. Kowane ɗaya yana da lokaci da wuri. Kowane ɗaya aiki ne da za a yi, don "kada in sha" ba ta gaya wa hannu inda zai je. Kuma ƙanana ne. Kada ka ɗauki goma. Ɗauki ɗaya ko biyu, ka faɗe su da baki, ka gwada su a gaban wani kamar wasa: shi ya miƙo, kai ka ƙi. Za ka ji kunya, amma maganar da baki ya taɓa faɗa ta fi saurin fitowa ranar da ake bukata.

Sha'awar kuma, in ta taso, ba ta dawwama. Tana hawa, ta kai ƙololuwa, ta sauka, sau da yawa cikin abin da bai fi rabin awa ba, in ba ka ciyar da ita ba. Aikinka shi ne ka cika wannan ɗan lokacin: yi alwala, sha ruwa, taka zuwa bakin kasuwa ka dawo, kira mutumin da ka zaɓa. Fulani na da kalmar, munyal. Haƙurin da ake nema a nan na rabin awa ne, sannan na wani rabin awan.

Sake hanya, samu shaida

Duba abin da makon nan ya nuna maka, ka tambayi kanka: wanne zan iya kawarwa? Lambar mai sayarwa da ke cikin waya, goge ta. Majalisar ataya inda ƙwaya ke zagayawa tare da kofi, canja ta, ko da za a yi maka ba'a. In akwai ragowa a jaka ko a ƙarƙashin katifa, kai wa ma'aikacin lafiya. Kuɗin da kake kashewa a kanta, ƙirga shi a yini, ka riƙa zuba shi a susu. Ran da ka kwashi adashin ka sayi tunkiya, za ka ga abin da ƙwaya ke ci da idonka, kuma ka samu abin da ba ka son asara.

Sannan nemi mutum ɗaya. Ba gari duka ba. Mutum ɗaya mai riƙe sirri, wanda za ka gaya wa shirin, ku sa rana, a ce kowace Juma'a bayan masallaci, ya tambaye ka yadda makon ya tafi. Yayanka ne, malaminka ne, maigidanka a kasuwa ne, ko matarka. Tun zamanin da ayarin goro ke tashi daga Salaga zuwa Kano ba a san fatake su kama hanya babu madugu ba. Rantsuwar da aka yi a ɗaki, a ɗakin take karyewa, ba wanda ya ji.

Gargaɗi mai muhimmanci

Nan ina so ka buɗe kunne. Wanda ya daɗe yana shan taramol kullum, jikinsa ya saba. In ya yanke rana ɗaya zai ji ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa, rashin barci, fargaba, wani har ya riƙa ganin abin da babu. Da yawa a nan suke komawa, su ce ai ba su da zuciya. Ba rashin zuciya ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba. Shi ya sa ake rage ta a hankali, a hannun likita ko nas, kamar yadda ake yaye maraƙi. Kada ka tsara ragewar da kanka, kada kuma ka musanya ta da giya ko maganin barci, haɗin nan yana kisa. Mai shan giya kullum ma haka, yankewa farat ɗaya na iya zama haɗari gare shi.

Kuma in ciwon baya ko na gwiwa ne ya kai ka ga ƙwaya tun farko, faɗa wa likita. Ciwon na gaske ne, akwai yadda ake kula da shi. In ba a taɓa shi ba, shi zai mayar da kai. Wanda kuma ya daina na ɗan lokaci, jikinsa ya rage juriya. In ya koma ya sha adadin da, zai iya kashe shi. Duk wanda kuka ga ya faɗi yana shure-shure, ko ba ya farkawa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

Kwana nawa ake ɗauka?

A wata jami'a a Landan, Phillippa Lally da abokan aikinta sun bi mutum 96 da kowannensu ya ɗauki sabuwar ɗabi'a ƙarama, kamar shan ruwa bayan abinci ko ɗan motsa jiki. Aka buga sakamakon a 2009. Kafin abin ya zama jiki, wani kwana 18 ya ɗauka, wani an ƙiyasta har 254, matsakaici kuwa kwana 66. Wannan fa ƙananan abubuwa ne, ba barin ƙwaya ba. To kai da ka yi kwana goma ka ji har yanzu da wuya, ba abin da ya lalace, lokacin ne bai yi ba. Sa wa ranka watanni. Sun kuma ga cewa kuskuren rana ɗaya bai rushe ginin ba.

In ka zame

Wannan ya kawo mu ga wurin da ɗan'uwanmu ya faɗi sau uku. Alan Marlatt, wanda ya shafe shekaru yana nazarin masu komawa shaye-shaye a Amurka, ya ga yawancin komawar tana zuwa ne ta ƙofa uku: ɓacin rai, rigima da wani, da matsin abokai. Ya kuma ga cewa ƙwaya ɗaya ba ita ke kayar da mutum ba, abin da ya gaya wa kansa bayanta ne. "Shi ke nan, na karya rantsuwa, ni dama ba zan iya ba." Daga nan ɗaya ta zama goma.

Motar doya in ta yi faci a hanyar Bimbilla zuwa Yendi, direba ba ya cewa tunda taya ɗaya ta fashe bari in fasa sauran. Yana sauka ya canja, ya duba abin da ya huda ta. Kai ma tanadi wannan tun yanzu: idan na zame, to a ranar zan kira mutumina, gobe in koma kan shiri. Sannan ku zauna ku duba: ƙarfe nawa ne, ina, da wa, me ya faru kafin nan? Abin da kuka gano ya zama sabon "idan, to". Kwana arba'in da ka yi ba su goge ba. Jikinka ya ci moriyarsu, kuma yanzu ka san ramin da ba ka sani ba a da.

Mai zuciya ma haka

Na ce maganar ba ta ƙwaya kaɗai ba ce. Mu a wannan yanki mun san abin da fushin minti ɗaya ke jawowa. Yaƙin 1994 da ya ci rayuka masu yawa ya ƙone ƙauyuka, tushensa maganar ƙasa da sarauta ne da ta daɗe, amma tartsatsin da ya kunna shi gardama ce a kan kuɗin zabo a kasuwar Nakpayili, nan kusa da Bimbilla. Mutanen Yendi da na Bawku su ma sun san ɗacin dokar hana fita. Babu mutum ɗaya da zai warware waɗannan manyan rigingimu. Amma minti ɗaya na farko, a bakin gona ko a kara, a hannun mutum ɗaya yake.

Makiyayi da ya san yana da zuciya, sanin bai hana shi ɗaga sanda. Abin da zai hana shi shi ne shirin da ya yi tun a ruga: idan shanu suka shiga gona mai gona ya fito yana zagi, to zan ajiye adda a ƙasa, in fitar da shanun, in ce a kira sarkin Fulani da mai gari a duba ɓarna. Ɗan kasuwa: idan jami'i a shinge ya tsare ni ya ɓata mini rai, to yarona ne zai yi magana, ni in koma mota in sha ruwa. Maigida: idan na ji wuyana ya ɗau zafi ina magana da iyali, to zan fita ƙofar gida, ba zan dawo ba sai numfashina ya daidaita. Jiki yana ba da alama kafin hannu ya tashi. Koyi taka alamar.

Ga mai taimako

Yanzu gare ki uwa, gare ki maiɗaki, gare ka malam, sarkin zango, da maigida mai yara a tasha. Wanda ya riga ya san laifinsa, ƙara jera masa laifin ba ya ƙara komai. Ma'aikatan da suka ƙware sun lura cewa in ka matsa wa mutum da hujja, shi sai ya koma kare abin da yake yi, kuma abin da bakinsa ya kare shi zuciyarsa ke riƙewa. William Miller ya gina hanyar ba da shawara a kan wannan tun 1983. Tambaya ake yi, a saurara. Me ƙwayar ke yi maka da kake so? Me take ci maka? In ka bari, me za ka fara gyarawa? Wane mataki ɗaya za ka iya a makon nan? Bari dalilin ya fito daga bakinsa.

Kada zama ya ƙare a "Allah ya shirya" kawai. A yi addu'a, sannan a tashi da abu ɗaya da za a yi, da ranar da za a sake haɗuwa. In ya yi, ko ƙarami ne, nuna ka gani. In ya zame ya zo ya faɗa maka, wannan zuwan nasara ce, kada ka kore shi da faɗa, in ba haka ba gobe ɓoyewa zai yi. Kada ki riƙa biya masa bashin mai ƙwaya, amma kada ki hana shi tuwo. Maigida, duba lodin da kake ɗora wa yara da awannin da kake sa direba ya yi babu barci. In aikin ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, kai ma kana da abin gyarawa. Ɗaure mutum da mari kuwa, ko dukansa da sunan magani, ba ya cire ƙwaya daga jiki, kuma hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta hana.

Inda za a je

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na Ghana, na Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Amma ba sai ka je can ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta sa a kawo kulawar kusa da jama'a. Je asibitin gwamnati mafi kusa, a Bimbilla, Yendi, Salaga, ko asibitin Presby na Bawku, ka tambayi ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. In kana ƙauye ko ruga, fara da nas ɗin CHPS, za ta nuna maka hanya. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka asibitin koyarwa na Tamale. Ƙungiyar BasicNeeds, da ke aiki daga Tamale tun 2002, ta taimaka wajen kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai a garuruwan arewa, tambayi ko akwai a kusa da ku. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020 ma ta ɗauki mai shaye-shaye a matsayin wanda ke bukatar magani. Zuwa asibiti ba kai kanka ga 'yan sanda ba ne.

Kai mai yawan tafiya, gaya wa nas gaskiyar hanyarka: yaushe za ka tashi, yaushe za ka dawo, ko kiwo zai kai ka tsallake. A tsara ranakun dawowa daidai da ranar kasuwa, a karɓi lambar waya. Shirin da bai san da tafiyarka ba, a tafiyar farko zai watse.

Ɗan'uwanmu mai saƙo, zaman da ka yi da ma'aikacin nan bai tafi a banza ba. Ka gano inda abin ya faro, kuma baƙin cikin rashin mahaifi da nauyin gida abu ne da ya kamata ku ci gaba da magana a kai. Koma wajensa. Wannan karon kada ka tafi da rantsuwa ta huɗu. Tafi da lissafin mako ɗaya, da sunan mutum ɗaya, ka ce masa kana so ku tsara ragewa da abin da za ka yi gobe da asuba. Mu kuma muna jiran saƙonka bayan wata guda, ko da labarin zamewa ne.

Jama'a, duk mai tambaya ya aiko, ba za mu ambaci suna ba. Allah ya tsare hanya, ya kiyaye dukiya, ya ba marasa lafiya lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.